Na'urar Da Ke Neman Magani

Yau maganarmu a kan yadda a ke samo sabon magani ce.

Dā aikin hannu ne. A ƙasar Jamus, wani likita mai suna Paul Ehrlich da mataimakansa sun yi ta haɗa magunguna suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, sai a kan mai lamba 606 suka dace da maganin tunjere, cikin 1909.

Yanzu kuwa an sa na'ura wannan wahala. A Birtaniya masana sun ƙera wata mai suna Eve, watau Hawwa'u. Tana da hannun ƙarfe mai ɗiga magani cikin 'yan ƙananan ramuka, da kwamfuta mai lura da abin da ya faru. A kwana ɗaya tana iya gwada iri dubu goma. Ba da ka take yi ba. In ta ga irin waɗanda suka ci, sai ta koyi kamanninsu, ta zaɓi waɗanda za ta gwada gaba, kamar yadda gwanar tsintar wake ke gane mai ƙwari tun ba ta fasa shi ba. Ba a kan mutum take gwaji ba, a kan yis ne, irin na burodi, wanda aka sa wa wani sashe na halittar ƙwayar cutar.

Cikin 2018 aka ba da labari ta gano cewa triclosan, wani sinadari da aka daɗe ana sawa cikin man goge haƙori, yana hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro girma, har da wadda ta daina jin tsohon maganin nan Daraprim.

To, a nan sai ku saurara da kyau. Abin da ya kashe cuta cikin kwalba bai zama magani ba tukuna. Sai an gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan mutane kaɗan, sa'an nan masu yawa, a ga ko yana taɓa hanta ko ƙoda. Wannan yakan ci shekara goma ko fiye, yawancinsu kuwa a hanya su ke faɗuwa. Triclosan bai shiga ɗakin magani ba, kada wani ya ba yaro man haƙori ya haɗiye don zazzaɓi. In jikin yaro ya yi zafi, ku kawo shi a gwada jininsa ran nan, a ba shi maganin da aka tabbatar, ya shanye na kwana uku ɗin duka.