Yadda ake amsa tambayoyi bayan gabatar da jawabi a Zoom, Google Meet ko gaban jama'a

Matasa da dama kan kwashe kwanaki suna ƙawata shafukan PowerPoint ko Canva, amma ba sa ware ko awa ɗaya don shirya wa tambayoyin da za su biyo baya. Alhali a nan ne ake gane wanda ya fahimci abin da ya gabatar da wanda haddacewa kawai ya yi. Ɗalibin da ke kare aikin bincikensa na ƙarshe a jami'a, da matashin da ke neman jari don manhajarsa, da mai koyar da sana'a ta intanet, duk suna iya samun abin da suke nema ko su rasa shi a cikin 'yan mintunan nan. Don haka lokacin tambayoyi yana buƙatar shiri kamar yadda jawabin kansa yake buƙata.

Ware lokaci tun da farko

Taron Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, na Google Meet kuma bayan minti 60 idan mahalarta sun kai uku. Wanda ya cinye lokacin da jawabi, manhajar ce za ta rufe masa taro kafin kowa ya buɗe baki. A taron minti 40, ya fi dacewa jawabi ya ɗauki 25, tambayoyi 10, sauran biyar ɗin a bar su don gaisuwa da matsalar netwok. Yana da kyau mai gabatarwa ya sanar tun a farko cewa a ƙarshe zai karɓi tambayoyi, ya kuma faɗi hanyar da za a aiko su.

Tsara shigowar tambayoyi

Idan kowa ya kunna makirfonsa lokaci guda, hayaniya ce za ta biyo baya. Zoom da Meet duk suna da maɓallin ɗaga hannu, kuma suna jera mutane bisa wanda ya riga ɗagawa, don haka babu zargin son kai. Tun shekarar 2016 Google Slides yake da tsarin karɓar tambayoyi: adireshi yana fitowa a saman shafi, masu sauraro su buɗe shi a wayoyinsu su rubuta tambaya, sauran kuma su zaɓi wadda suka fi son a amsa. Manhajar Slido ma haka take aiki, kuma tana ba masu jin kunya damar tambaya ba tare da sunansu ya bayyana ba. Mai gabatarwa da waya kaɗai zai sha wahalar karanta saƙonni yana magana, saboda haka gara ya nemi abokin da zai riƙa tace masa su.

Saurare, maimaitawa, sannan amsa

Murya takan ɗan yi jinkiri a intanet. Wanda ya yi saurin amsawa yakan katse mai tambaya kafin ya kai ga ainihin abin da ke ransa. Dakatawa ta daƙiƙa biyu ko uku tana magance wannan. Daga nan sai mai gabatarwa ya maimaita tambayar a taƙaice. Hakan yana ba waɗanda netwok ya yanke wa damar ji, yana tabbatar da an fahimci juna, yana kuma ba shi lokacin tunani. Amsar ta fara da abin da aka tambaya kai tsaye, sai dalili ko misali ɗaya. Amsar da ta wuce minti ɗaya ko biyu ta fara zama sabon jawabi.

Shafukan ajiya

Kafin ranar, mai gabatarwa ya rubuta tambayoyi biyar zuwa goma da yake tsoron a yi masa, kamar kuɗin da aikin zai ci ko inda ya samo alƙalumansa. Sai ya tanadi shafi don kowace, ya ajiye su bayan shafin ƙarshe. A PowerPoint na kwamfuta, danna lambar shafi sannan Enter yana kai mutum can nan take. Danna harafin B kuma yana baƙanta allo, hankalin jama'a ya dawo kan mai magana.

Tambaya mai wuya ko mai zafi

Ƙirƙirar amsa ya fi rashin sani haɗari, domin kowa na riƙe da waya, kuma binciken Google ba ya ɗaukar minti ɗaya. Cewa "Ban da wannan adadin yanzu, amma zan turo shi gobe" ya fi mutunci, muddin an cika alkawarin. Idan tambaya ta zo da zafi, a cire zafin a amsa abin da ke cikinta. Wanda ya ce "Wannan manhajar ba ta da amfani" wataƙila yana son sanin bambancinta da waɗanda ake da su ne. Wanda kuma ya mayar da tambaya lacca, sai a ce masa cikin ladabi, "Malam, wace ce tambayar a taƙaice?"

Rufe taro

Kada tambayar ƙarshe ta zama ita ce ƙarshen taro, musamman idan mai wuya ce. Mai gabatarwa ya riƙe rabin minti don maimaita babban saƙonsa da faɗin inda za a same shi. Kafin fita daga Zoom, ya adana saƙonnin da aka rubuta, ya amsa waɗanda lokaci bai kai gare su ba ta imel ko zauren WhatsApp. Tambayar da mutane da yawa suka maimaita alama ce cewa wani sashe na jawabin bai fito fili ba, kuma shi ne wurin da za a fara gyarawa kafin gabatarwa ta gaba.