Komawa ga rubuta waƙa bayan furfura: abubuwan da ya kamata ka sani

A Bana da sauran garuruwan Gaya akwai dattawan da suka taɓa tsara baitoci a makarantar allo ko a lakwal, sannan noma, fataucin gishirin Foga da zirga-zirgar Kamba da Malanbil suka ɗauke musu hankali. In sha'awar ta dawo, ga inda gizo ke saƙa.

Shekaru ba su hana

Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega a 1918, yana dab da shekara 60 aka buga diwaninsa, Fasaha Aƙiliya, a 1977. Nana Asma'u kuwa tana rubutu har ƙarshen rayuwarta a 1864. Ba a san wannan fage da na samari ba.

Kari ne ke fara tsatsa

Kalmomi ba sa guje wa dattijo, ƙaruwa ma suke yi. Kunne ne ke dushewa. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne bisa jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, galibi a ma'aunan Larabci irin su Kamil, Mutaƙarab da Ramal, kuma ido ba ya gane karayar ɗango. Sai an rera. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Da kunne ya auna baitocinsa, wasu suka rubuta masa. Ni a ganina, wanda ke jin nauyin rerawa a gaban iyalinsa bai dawo ba tukuna.

Amsa-amo ya fi sauƙi, shi ya sa yake ruɗin mutane: su cika ƙarshen layi da "wa" ko "ba", su ɗauka aiki ya ƙare.

Ta ina za a shiga?

Ƙwar biyu ta fi saurin miƙewa. Akwai kuma tahamisi, inda kake ɗora ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na wani malami. An riga an shimfiɗa maka kari, kai dai bi.

Ajami ko boko?

Wanda hannunka ya saba. Sai dai ɗan lakwal ya kula da rubutun Faransanci, kada "ou" ya maye gurbin "u", ko "tch" ya maye "c", don mai karatu a Kamba ko Birnin Kabi zai yi tuntuɓe. Ajami yana da fa'ida guda ga mawaƙi: yana nuna dogon wasali, wanda boko na yau da kullum ke ɓoyewa.