Kada Kurmin Mambila Ya Bi Sawun Madobiya

Duk wanda ya bi hanyar Bali zuwa Serti tsakanin 2014 da 2017 ya ga abin da aka yi wa madobiya. Gumagumai ne jibge a bakin titi, an sassaƙe su kusurwa huɗu, tireloli na lodi dare da rana zuwa Legas, daga can a cusa su a kwantena sai ƙasar Sin, inda ake ƙera kujeru da gadajen alfarma da su. Rahoton da ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta fitar a 2017 ya ce gumagumai sama da miliyan 1.4 aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Najeriya. Kafin hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji na duniya, ta dakatar da cinikin a 2018, aikin gama ya gama. Samarin da suka riƙe zarto sun sayi babura, kuɗi sun ƙare. Makiyayin da ke sassabo wa shanunsa ganyen madobiya da rani, sai kututture ya tarar.

Ina gargaɗi ne saboda injin zarto bai koma gida ba. Hanyoyin da 'yan katako suka fasa suna nan, kuma su ne masu haƙar ma'adinai da mafarauta da masu gawayi ke bi, kullum suna ƙara matsowa gindin tsauni. Abin da ke gabansu yanzu shi ne Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowane girma a Najeriya, da 'yan kurmin da suka rage a saman Mambila.

A duba Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a Ƙaramar Hukumar Sardauna. Mutum zai yi ta tafiya cikin ciyawa, kwatsam ƙasa ta gangara, sai ga kurmi baƙi ƙirin manne da jikin tsauni, hazo kwance a kansa, ƙorama na gudu a ƙarƙashi ko da tsakiyar rani. Tun 1969 aka keɓe shi. Asalin kurmin bai kai murabba'in kilomita 10 ba, amma har yau akwai birin cimfanzi a ciki. Kowace shekara wutar da ake cinna wa ciyawa don sabon toho tana lasar bakinsa, shanu kuma su tattake 'yan tsiron da za su gaji manya. Ɓarna ce marar ƙara, shi ya sa ba a damu da ita ba. Alhali irin waɗannan kurmi ne ke riƙe ruwan sama su sake shi sannu a hankali zuwa kogunan Donga da Taraba, har Binuwai. Wanda ke jiran madatsar Mambila ya sani cewa tsaunin da aka tsiraita laka zai riƙa turo mata.

Me ya sa aka ci madobiya da araha haka? Domin mai saye ya san darajarta, mai ita bai sani ba. Ƙauyuka nawa ne ke da ɗansu da ya iya ƙidaya itatuwan daji, ya auna kaurinsu, ya zana taswirar iyaka, ya zauna gaban mai gari ya ce: “Ranka ya daɗe, wannan takardar da za ka sa wa hannu asara ce”? Bindigar ma'aikacin gandun daji ba ta yin wannan aiki. Ilimi ne ke yin sa, kuma sai na ɗan gida, wanda ba zai nemi canjin wurin aiki ba da zarar damina ta yanke hanya.

An ma gwada an gani. Tun farkon shekarun 2000 Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa aikin bincike a Ngel Nyaki, tare da jami'o'in gida irin su ta Jihar Gombe. 'Yan Yelwa ne ke tattara iri, su raini dashe, su liƙa wa kowane itace lamba a filin bincike mai faɗin hekta 20. Ɗaliban Najeriya sun yi digiri na biyu da na uku a wurin. Abin takaici shi ne aiki irin wannan ya dogara da tallafin masu ba da agaji, ga Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bali, a bakin dajin.

Ina kira ga gwamnatin Taraba da asusun TETFund su ware guraben karatu kyauta a fannin gandun daji, safiyo da kula da ruwa ga 'ya'yan Gashaka, Kurmi da Sardauna, maza da mata, 'ya'yan manoma da na makiyaya, a kuma ɗauke su aiki in sun gama. Sarakuna su daina sa hannu a takardar yankan katako sai wani masani ɗan ƙasa ya karanta musu. Ku kuma iyaye, in yaro ya samu gurbin karatun daji, kada ku ce masa ya jira na lauya ko likita. Ku tura shi.