Tsuntsu Mai Ɓatan Kai

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da an ga ta sauka bisa kuka ko tsamiya, manoma su kan ce damina ta kusa, su shiga gyaran gonaki. Idan ruwa ya ɗauke, sai ta kwashe 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka. Haka kuma da kaka wata irin tsattsewa ta kan taso daga Turai, ta ƙetare Hamada ta zo nan, ba ta komawa sai bazara. Wannan tafiya ita ce ƙaurar tsuntsaye, abinci kuwa shi ne babban dalilinta.

A da mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba in sanyi ya shigo. A shekarar 1822 aka harbo wata irin shamuwa fara a Jamus, sai ga mashi irin na Afirka kafe a wuyanta. Wannan ya nuna musu nisan tafiyarta. Daga 1899 masana suka fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don a gane inda suka fito.

Tsuntsu ya kan bi rana da taurari, da koguna da bakin teku, har ya kan ji jan maganaɗisun ƙasa a jikinsa. Duk da haka wani ya kan yi ɓatan kai. Wani iska mai ƙarfi ce ke kwasarsa, wani kuwa ƙuruciya ce, watau tafiyarsa ta fari ke nan, sai ya saki hanya. Ta haka ya kan faɗa ƙasar da ba a saba ganin irinsa ba.

Balbela ta isa misali. A da babu ita a Amurka. A 1877 aka gan ta a Amurka ta Kudu, bayan kuwa tsakanin can da Afirka ta Yamma akwai teku mai faɗin kusan mil 1,800 a wurin da ya fi ƙunci. Ta sami shanu da fari, ta zauna ta hayayyafa. Yau tana bin shanu a can kamar yadda ta ke bin na Fulani.

To, yaya a ke gane irin wannan baƙo? Sai wanda ya san 'yan gari ke gane baƙo. Saboda haka mai lura ya kan fara sanin tsuntsayen garinsu da lokacin zuwan kowane. In ya ga wanda bai sani ba, sai ya tsaya cik, ya dubi girmansa, ko ya kai kurciya ko hankaka. Sa'an nan ya dubi bakinsa, da tsawon ƙafafunsa, da launin gashinsa, ya saurari kukansa. Nan take ya rubuta duka, da ranar da wurin, ya kai wa malaminsa su duba littafi.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Tsuntsu mai ɓatan kai ya kan iso a gajiye da yunwa, bai san maɓoya ba. Yaron da ya harbe shi da danƙo, loma guda kurum ya samu. Wanda ya ƙyale shi ya rubuta labarinsa, ya ƙara wa mutane sani.