Kafin a Kai Maganar Rabuwar Aure Gaban Alƙali: Abin da Ake Faɗa da Abin da Shari'a Ta Ce

Duk matar da aurenta ya kai gargara a Kano ko Zariya ko Sakkwato, kafin ta taka ƙofar kotu ta riga ta ji hukunci iri-iri. Gwaggo ta faɗi nata, maƙwabciya ta faɗi nata, a gidan kitso an ƙara, a WhatsApp an turo murya. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa babu su a kowane littafi. Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙoƙin da mata ke sallamawa tun a tsakar gida, don an tsorata su da abin da shari'a ba ta ce ba. Kotunan shari'a na jihohin Arewa da fiƙihun Malikiyya suke aiki, wato littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. A kan wannan ma'auni zan ɗora kowace magana.

Wadda ta fi yawo ita ce wai mace ba ta da mafita sai ranar da miji ya ga dama. Wannan ba gaskiya ba ne. Igiyar saki tana hannun miji, amma mace tana da ƙofofi biyu a gaban alƙali, kuma sanin wadda za ta bi shi ne babban shirin da ya kamata ta yi. Ta farko ita ce khul'i: mijin bai cuce ta ba, zuciyarta ce ta ƙi zaman, sai ta fanshi kanta da dukiya. Asalinsa labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu ne, wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki a zamanin Annabi (SAW). Ta biyu ita ce neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa: duka, zagi mai muni, ƙin ciyarwa, ƙaurace wa shimfiɗa. A wannan ƙofar ko kwabo ba ta biya.

A nan ne ake yi wa mata asara mai yawa. Mace ta sha duka shekara da shekaru, ta gaji, ta shiga kotu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya." Da bakinta ta zaɓi khul'i. Sai a wayi gari mahaifinta yana sayar da ɗan tumakinsa don ya biya mutumin da ya kumbura wa 'yarsa ido. Alhali malaman Malikiyya sun faɗa ƙarara cewa in aka tabbatar miji ya matsa mata ne har ta fanshi kanta, sakin ya tabbata, kuɗinta kuma a dawo mata da su. Ban ga dalilin da wannan hukunci zai zauna a cikin littafi ba, matan da ya shafa ba su taɓa jin sa ba.

Ana kuma cewa mai neman khul'i sai ta biya duk abin da miji ya kashe tun daga ranar da ya fara zuwa zance. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya, domin abin fansa yana iya zama daidai da sadaki, ko ƙasa, ko sama, gwargwadon abin da aka daidaita. Amma ci da sha da sutura da kuɗin magani da ya yi mata a zaman aure wajibinsa ne ya sauke, ba bashi ba ne da zai biyo ta da shi. Don haka kafin a je kotu a tabbatar da nawa ne sadakin, a nemo waliyyi da waɗanda suka shaida ɗaurin auren, da takardar aure in an yi ta. In miji ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba zai saki ba, alƙali na iya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. A Malikiyya in waɗannan biyun suka ga rabuwa ce mafita, hukuncinsu yana zartuwa ko mijin bai so ba.

To ita cutarwa, yaya ake tabbatar da ita, tunda a ɗaka take faruwa? Mutane na cewa in babu wanda ya ga dukan da idonsa, magana ta mutu. Nan ma an yi kuskure. Malikiyya ta karɓi shaidar ji a wannan babi, wato adilai su shaida cewa ya bazu a bakin maƙwabta da 'yan uwa cewa wane yana cutar da matarsa. Wannan ya sa yawan ɓoyewa ke cutar da mace sau biyu. Ki sanar da waliyyinki tun farko. In an kai magana wurin mai unguwa ko limami, ki riƙe ranar da sunayen waɗanda suka zauna. In kin je asibiti, ki adana kati da takardar likita. Saƙon zagi ko barazana da ya turo a waya kada ki goge don ɓacin rai, ki tura wa wani ɗan uwa da kika amince da shi ya ajiye miki, domin waya tana ɓata, tana kuma iya faɗawa hannunsa.

Maganar yaji gajera ce. Yaji ba saki ba ne, ko ya kai shekara. Fita babu dalili tana iya zubar da haƙƙin ciyarwa, amma wadda ta gudu don tsira da lafiyarta ba ta yi laifi ba, sai dai ta hanzarta kai ƙara. Haka wadda mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru: aurenta yana nan daram har sai alƙali ya raba shi. In bai bar mata abin ci ba, tana iya neman rabuwa saboda rashin ciyarwa. In ya bar dukiya amma an rasa labarinsa, wa'adin da Malikiyya ta sa shekara 4 ne, kuma lissafin yana farawa ne bayan ta kai magana an yi cigiya an rasa, sannan ta yi idda. Wadda ta ɗaura wani aure kafin haka ta faɗa aure kan aure.

Sai batun 'ya'ya, wanda shi ne sandar da aka fi ɗaga wa mata. "Kina fita, ki ajiye min 'ya'yana." Mata da yawa sun zauna cikin wuta saboda wannan jimla. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa da magani kuwa suna wuyan uba duk inda yaran suke. Gaskiya ne cewa in uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙinta yana faɗuwa. Amma ba kan uba yake faɗawa kai tsaye ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar uwar mahaifiyarsa, kafin layi ya zo ɓangaren uba. Akwai tarko ɗaya da nake roƙon iyaye su lura da shi: ya halatta a yi khul'i a kan mace ta yafe riƙon 'ya'ya. Saboda haka duk takardar sulhu da aka miƙo, a karanta ta a tsanake, ko a sa wani ya karanta da ƙarfi, kafin a dangwala hannu.

Kayan ɗaki da iyaye suka yi wa 'yarsu nata ne, haka sadakinta in an riga an tare. In aka yi jayayya a kan wani kaya babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka san na mata ne a ba matar bayan ta rantse, na maza a ba mijin. Rasit, da hotunan jere, da matan da suka yi jeren, suna rage dogon musu.

Su ma maza akwai tatsuniyoyin da ke ruɗarsu. Wai mai ciki ba ta sakuwa: tana sakuwa, iddarta haihuwa, ciyarwarta na kansa har ta sauka. Wai saƙon waya ba saki ba ne: rubutun da miji ya yi da niyyar saki ya aika yana aukuwa. Wai da zarar an furta sai ta kwashe kayanta a daren: Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da ita daga ɗakinta a lokacin idda, kuma in sakin na kome ne, cinta da shanta suna kansa. Al'adarmu ta saɓa wa wannan, kuma ina ganin aure da yawa da sun gyaru da an bar matar ta yi iddarta a ɗakinta.

Hukumar Hisbah, kamar ta Kano da aka kafa da doka a 2003, tana sulhu kuma tana taimakawa, amma ba kotu ba ce, ba ta raba aure. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya tsayawa da kanta a kotun shari'a, ko ta nemi shawarar ƙungiyoyi irin su FIDA da WRAPA. In hukunci bai gamsar ba akwai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, kuma wa'adinsa ƙayyadadde ne, sai a tambayi rajistara tun ranar hukunci.

Duk abin da na faɗa bai shafi waɗanda suka yi auren rajista ba, kamar 'yan uwanmu Kirista da yawa. Nasu yana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, Babbar Kotun Jiha ce ke raba shi, kuma a bisa ƙa'ida ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. Ko bayan hukuncin farko, sai an jira wata 3 kafin rabuwar ta tabbata a iya sake aure.

Ranar da aka gama, ko a gida aka yi sakin ko a kotu, kada a tashi sai an karɓi takarda mai kwanan wata, wadda ta faɗi saki nawa ne, da wanda zai riƙe yara, da abin da uba zai riƙa bayarwa duk wata. Da wannan kwanan watan ake lissafin idda, kuma takardar ce za a nema ranar da wani ya fito neman aurenta.