Ƙofofin Kwamfuta da Haɗarin Barinsu a Buɗe



Birnin da aka kewaye da ganuwa ba ya rasa ƙofofi, domin dole fatake su shigo, manoma su fita. Abin da magabata suka yi shi ne, kowace ƙofa suka sa mata sarkin ƙofa. To, haka al'amarin kwamfuta yake. Duk kwamfutar da ke haɗe da intanet tana da adireshi, a bayan adireshin kuma akwai ƙofofi masu lamba, daga 0 har zuwa 65,535. Ba ƙofofi ne da ido ke gani ba. Lambobi ne da ke nuna wa saƙo manhajar da zai tarar. Waɗanda suka shafe mu a yau su ne na manhajojin da ke ba mutum ikon sarrafa kwamfuta daga nesa, kamar yana zaune a gabanta.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce Telnet, wadda ta samo asali a 1969, take kuma amfani da ƙofa ta 23. Aibinta shi ne, duk abin da aka rubuta, har da kalmar sirri, a fili yake tafiya, wanda ya yi kwanton ɓauna a hanya sai ya karance shi tsaf. Irin wannan sata ce ta auku a wata jami'a ta Helsinki, a ƙasar Finlan, har ta sa Tatu Ylonen ya ƙirƙiro SSH a 1995, mai ƙofa ta 22, wadda ke juya saƙo ya zama ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi. Sa'an nan akwai RDP ta kamfanin Microsoft a ƙofa ta 3389, da VNC a 5900, da TeamViewer a 5938.

Sau da yawa ma'aikaci kan ce, wa ya san da ƙaramin ofishinmu balle ya neme mu? Wannan zato ne mai halakarwa. Ɓarawon intanet ba ya zaɓen gida. Manhaja yake saki ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Tun a 2013 masana a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa kwamfuta guda tana iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adireshin intanet na tsohon tsari cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Misalai biyu sun ishe mu. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa neman ƙofa ta 23 a kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, tana gwada kalmomin sirri wajen sittin, irin waɗanda masana'anta ke sakawa, mai saye kuwa bai sauya ba. Ta kame dubun dubatar na'urori, aka haɗa su aka far wa kamfanin Dyn ran 21 ga Oktoba, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Na biyu, a watan Mayu na 2019 aka bayyana wani rauni a RDP da aka laƙaba wa suna BlueKeep, wanda ke ba maƙiyi damar shiga ba tare da kalmar sirri ba sam. Girman haɗarin ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014.

Waɗansu kan sauya lambar ƙofa, alal misali su mai da 3389 wata lamba dabam, su ɗauka sun tsira. Wannan kamar rataya asabari ne a inda ake bukatar ƙyaure da kwaɗo: ya kare ido, bai hana shiga ba. Abin da ya wajaba shi ne a rufe duk ƙofar da ba a aiki da ita, a yi watsi da Telnet ɗungum. Wadda ake bukata kuwa, kada a bar ta tana fuskantar intanet kai tsaye. A ajiye ta bayan katangar tsaro, a iso gare ta ta killatacciyar hanya ta VPN. A ƙara shaida ta biyu a kan kalmar sirri, a sa gyaran manhaja da zarar ya fito, a kuma soke izinin duk ma'aikacin da ya bar aiki.

Takardun albashi, da sakamakon jarrabawa, da bayanan marasa lafiya, amana ce a hannunmu. Saboda haka kowane shugaban sashe ya tambayi ma'aikatansa: ƙofofi nawa ne a buɗe, kuma wa ke gadin kowacce?