Kwandon Shara da Kwandon Tumatir

Wanda ya tashi a Madobi ya shiga birnin Kano zai ga kwandunan shara na roba a ƙofar bankuna da gidajen mai, wannan kore, wancan shuɗi, wani baƙi. In ya leƙa ciki kuwa, duk kanwar ja ce: ledar fiya wata, ɓawon lemo da ragowar shinkafa a cakuɗe. Launin ado ne kawai.

A Jamus launin umarni ne. Rawaya na robobi da gwangwani, shuɗi na takarda, ruwan ƙasa na abin da zai ruɓe ya zama taki. Legas ma ta gwada irin wannan a 2019, lokacin da hukumar sharar jihar, LAWMA, ta fito da shirin Blue Box.

Mu nan wannan ba baƙon ilimi ba ne. Je ka gonar rani a yankin Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bi ta magudanai, ka ga ranar ɗibar tumatir. Jajaye masu tauri kwandonsu daban, su ne za a ɗora wa mota zuwa Kudu. Masu ɗan kore-kore gefe guda, su ƙarasa nuna a hanya. Fasassu kuwa a yanka, a shanya, su zama kauɗa. Ba wanda ya kafa wa manomi allo ko ya yi masa gangami. Dillali a kasuwar Kwanar Gafan zai zura hannu har gindin kwando, in ya ci karo da ruɓaɓɓe ya zabge kuɗi, shi ke nan manomi ya ɗau darasi.

Dillalin nan ne sharar birni ta rasa. Ka ware leda, ka ware takarda, motar kwasa ta zo ta juye su wuri ɗaya, gobe wa zai sake wahalar da kansa? 'Yan bola jari kaɗai ke tsince ƙarfe da roba, su ma don akwai sikeli da ke jiransu.

Manoman kewayen birni sun daɗe suna sayen shara su zuba a gona. Yanzu sai an sa yara tsintar leda kafin a yi huɗa. Da hukumar kwashe shara ta Kano, REMASAB, za ta keɓe launi ɗaya tak ga abin da ke ruɓewa, ta ba shi motarsa daban, masu saye suna nan Kura da Bunkure da Madobi.